Baƙin Ruwan Da Na Ɗiga A Tawada

Assalamu alaikum wa rahmatullah, mai kula da wannan shafi da masu karatu baki ɗaya. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma wanda zai karanta ya jinkirta hukunci har ya kai ƙarshe, domin duk abin da zai faɗa a kaina na riga na faɗa wa kaina fiye da shi. Ni dattijo ne a New Bell, nan Douala. Na yi fiƙihu da tafsiri a gaban manyan malamai, kuma ni ake kawo wa tambaya a unguwa. Yau ni ne mai tambaya, kuma a firgice nake.

Autata, mai sunan mahaifiyata, wadda nake kira Inna, tana babban karatu a fannin kimiyya. Aikinta a kan wani ƙarfe ne da ake ce wa kobalt. Suna mayar da shi ɓarɓashin da ido ba ya iya gani, suna gwada shi a kan ƙwayoyin cutar da suka daina jin maganin asibiti. Kwanakin baya wutar ɗakin gwajinsu ta lalace, sai ta kwaso 'yan kwalabe ta ajiye a firijin gida, ba da sanin shugabanta ba, don kada wahalarta ta tafi a banza. Da na ga ruwan baƙi ƙirin sai na tsokane ta, na ce, "Inna, ashe duk shekarun nan haɗa tawada kike koyo?" Ta yi dariya ta ce, "Baba, wannan a farantin gwaji ya kashe ƙwayar da allura ta gagara. Amma attention, a yi hattara, ba magani ba ne tukuna, ko ɓera ba mu ba shi ba." Kunnena ya riƙe farkon maganar, ya saki ƙarshenta.

Ina da amini tun ƙuruciya, zan kira shi Alhaji Sale, tsohon direban tirela mai ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa arewa. Ciwon sukari ya buɗe masa gyambo a ƙafa, ya sha kafso na kasuwar Nkololoun har ya gaji, da aka je asibiti likita ya ce ƙwayar cutar ta ƙi kowane magani, sai dai a yanke ƙafar. Alhaji Sale ya kama hannuna ya ce, "Malam, kai da muka yi iyo a kogin Wouri tare, za ka bari a binne ni guntu-guntu? Ka yi min rubutu mana."

Tun ina saurayi nake rubutun sha, da tawadar gawayin zuge da ƙaro, ban taɓa ƙara mata komai ba. Ran nan da hantsi na buɗe firiji neman ruwa, idona ya faɗa kan kwalaben. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, domin da ilimina na yi shi. A tsaye a wurin na ba kaina fatawa: an umarce mu da neman magani, ga larura, ga sababi Allah ya kawo har cikin gidana. Na ɗiga baƙin ruwan a kurtu, ya saje da tawada kamar dama can tare suke. Na rubuta ayoyin waraka a allo, na wanke, na ce ya sha kuma ya shafa. Na maimaita ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wane irin malami ne yake cakuɗa maganar Allah da abin da bai san hukuncinsa ba, ya miƙa wa mutum da bisimilla?

Da farko saman gyambon ya bushe, warin ya ragu. Alhaji Sale ya soke ranar aikin yanke ƙafar, ya riƙa ba da labari a ƙofar masallaci, ni kuwa ina sunkuyar da kai ina cewa ikon Allah ne, alhali zuciyata tana jin daɗi. Sai ga amai, sai kumburi, sai numfashi sama-sama, zuciyarsa tana bugawa kamar za ta fito. Yanzu yana kwance a asibiti. Cutar ce ta shiga jini saboda jinkirin da na jawo? Ko abin da na ba shi ne? Wallahi ban sani ba.

A gabana likita ya tambayi Hajiya, matarsa, ko ya sha wani abu a gida. Ta ce, "Rubutun Malam kawai." Likitan ɗan arewa ne, mai ladabi. Ya russuna ya gaishe ni, ya ce, "Wannan ba komai, Malam, gawayi ne da ƙaro, ba ya cutarwa." Ya juya yana neman dalili a wani wuri. Rawanina ne ya rufe masa ido, kuma na yi shiru! Da na koma gida Inna ta ɗaga kwalba tana dubawa, ta ce, "Baba, wani ya taɓa min kaya? Ya ragu." Na ce ban sani ba. Na yi wa mai sunan mahaifiyata ƙarya da furfurata.

In na faɗa wa likita gaskiya, dole ya tambayi inda abin ya fito, Inna kuma ana iya korarta tana dab da kammalawa, a kan laifin da ni na aikata. In na yi shiru, suna yi wa aminina magani a cikin duhu, in ya cika kuma ni za a tura gaba in yi masa salla. Da wane baki zan yi kabbara a kansa?

Ɗazu Hajiya ta kira ni tana kuka. Ta ce ya farfaɗo kaɗan, ya ƙi shan maganin asibiti, abin da kawai yake faɗa shi ne, "A ce wa Malam ya kawo min irin na ranar, shi ne ya karɓe ni." Na ce mata ina nan zuwa bayan la'asar.

Don Allah jama'a, musamman likitocin da ke cikinku, wa zan fara faɗa wa, kuma ta yaya? Me zan yi?