Ko Ƙusa Ba Za a Buga Ba

Yolanda 'yata,

Kada ki kuskura ki ajiye aikinki na asibiti don ƙaninki Lamont ya ce zai saya miki gida a nan garin da yake wasa.

Ina jikokina? Tarin Darnell ya yi sauƙi? Ki gaishe da mijinki da mutanen coci.

Mu lafiya lau, sanyin arewan nan ne kawai ya kama min gwiwa. Lamont yana wasa da kyau, kuma abin da ke tsorata ni ke nan. Hukumar ƙwallon kwando ta ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashi, wai don kada masu arziki su kwashe gwanaye. Kwantiraginsa zai ƙare bana, in suka ƙara masa albashi za su wuce iyaka, sai dai su tura shi wata ƙungiya. Haka aka yi musayarsa bara, muka tashi daga wancan gidan ko labule ban gama ratayawa ba.

Jiya na ce masa, "Kai, in suka sake tura ka wani gari fa?"

Ya yi dariya. "Mama, to in riƙa ɓarar da ƙwallo ne don mu zauna?"

Na ce, "Rufe min baki, dogon banza." Amma abinci bai shiga cikina ba.

Ubangiji ya tsare ku. Ga dokar da na kafa: har a rufe musayar 'yan wasa a Fabrairu, ba mai barin aiki, ba mai cire yaro daga makaranta, kuma a gidan nan ko ƙusa ba za a buga a bango ba.

Mahaifiyarki,
Odessa