Wanda Za a Jefa a Tafki Bana

Pellam Creek, Ohio

Yaya Vernon,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya sanyin Montana? Tunda ka rantse ba za ka sa waya a gidanka ba, dole na ɗauki biro.

Yaya, ina cikin tashin hankali. Ka san bikin da garin nan ke yi kowace kaka saboda fim ɗin nan naku na 'yan sakandare, wanda ka fito a matsayin Tulu, aka jefa ka a tafki ka fito ba wando. Har yau ba su fasa ba. Bayan wasan ƙwallon ƙarshe, ɗalibai su zaɓi yaro mai jiki, su sa masa rigar ruwa ruwan ɗorawa irin wadda ka sa, su ciccibe shi su jefa a tafkin bayan makaranta. In ya fito, gari duka ya ɗauka: "Tulu, ina wandonka?"

Bana ɗana Toby suka zaɓa. Wai ai jinin Tulu na asali ne, har kumatun iri ɗaya. Yaron da bai cika sha biyar ba! Ya daina cin abinci. Burodi da man gyaɗan da nake sa masa, a kwandon shara nake tsintarsa. Jiya ya ce min, "Mama, in na rame kafin ranar, za su canza ni?"

Na je wurin shugabar makaranta, ta yi min dariya, wai girmamawa ce. Don Allah ka zo. Kai kaɗai za su saurara.

Ƙanwarka,
Loretta

*

Montana

Loretta,

Na samu takardarki. Lafiya lau, ki gaida Toby.

Ba zan zo ba. Wa ya ce miki suna saurarona? Tun ina ɗan sha bakwai babu wanda ya taɓa jin ƙarshen maganata, fuskata kawai suke gani su fashe da dariya. Ranar da muka binne matata, ina tsaye a ƙofar coci, wani ƙato ya matso ya riƙe hannuna. Na zaci ta'aziyya zai yi. Sai ya raɗa min, "Tulu, ina wandonka?" Har yana neman mu ɗauki hoto.

Fuskata tana jikin riguna, tana jikin kofin shayi. Waɗanda suka jefa ni a tafki a fim ɗin sun zama manyan jarumai, ni kuwa ina nan ina gyaran tarakta a inda shanu suka fi mutane yawa, kuma shanu ba sa kallon fim. Da ƙyar na samu wannan zaman lafiyar.

Ki ce ba shi da lafiya. Ki kai shi gidan Gwaggo Bernice har bikin ya wuce. Kar ki sake roƙona, abin yana min ciwo.

Yayanki,
Vernon

*

Pellam Creek

Yaya Vernon,

Ina gaisuwa. Ka isa gida lafiya? Ka tafi da kaya jiƙe, ko sallama babu.

Ban san za ka zo ba. Toby ya ƙi zuwa gidan Gwaggo, ya ce in ya gudu ƙarshensa ya zo a makarantar. Ina cikin 'yan kallo, sai kawai na gan ka ka karɓi lasifika. Wallahi na ji abin da ka ce, ko da ni kaɗai ce na ji. Ka ce, "Ku ji tsoron Allah, yaro ne." Suka kwashe da dariya. Ka ce, "Ba wasa nake ba!" Dariyar ta ƙaru, wata mata kusa da ni har da hawaye, tana cewa, "Kai, mutumin nan bai canza ba!"

Da ka cire rigar daga jikin Toby ka sa a naka, na rufe fuska. Mutum mai ciwon gwiwa, a cikin wannan ruwan sanyin! Da ka fito, ka tsaya suka yi ihunsu har suka gaji. Daren nan Toby ya cinye kwano biyu na taliya. Ya ce in tambaye ka ko ruwan ya shiga kunnenka.

Amma Yaya, ba a gama ba. Kwamitin biki sun zo gida da kek. Wai ba a taɓa yin bikin da ya yi armashi kamar na bana ba, 'yan talabijin ma sun ce za su zo baɗi. Shugabansu ya shafa kan Toby ya ce, "Kar ka damu, saurayi, ba mu manta da kai ba. Baɗi taka ce." Yaron ya ajiye cokali ya shige ɗaki.

Na fara neman aiki a wani gari, amma wa zai kula da Mama a gidan tsofaffi? Ban san yadda zan yi ba. Ba roƙonka nake ba, na rasa wanda zan faɗa wa ne.

Taka,
Loretta

*

Montana

Loretta,

Na iso lafiya, mura ce kawai. Ki bar maganar tashi, ki zauna kusa da Mama.

Shekara uku suka rage wa Toby a makarantar. Ki gaya wa kwamitin su sa sunana a duka ukun.

Ki ce masa ya fito ya ci abinci.

Yayanki,
Vernon