Karen Gadi a Hawa na Huɗu

Morrisania, Bronx, Amurka, 9 ga Afrilu, 2016

Yaya Tsoho,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya iyali, ya ƙafar taka? Na san ka da ƙin waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Dija ta cika shekara biyar, har yau ba ta ce "Mama" ba. Likitarta ta ce yara irinta sukan buɗe baki in sun shaƙu da dabba, ta ba mu shawarar kare, irin wanda ake kira buldog. Ni da ko kaza ban taɓa kiwo ba! Abban Dija ya kai mu wurin mai kiwonsu, muka ga iri uku: na Faransa ɗan mitsitsi mai miƙaƙƙun kunnuwa, na Ingila malalaci sai minshari, na Amurka kuwa ƙirji kamar ɗan maraƙi. Dija ta tsuguna gaban ƙaramin, da ƙyar muka ɗaga ta.

Matsalar Hajiya ce, surukata da ke zaune da mu. Ta rantse ba za ta kwana gida ɗaya da abin da ke korar mala'iku ba. Kai ka yi shekara ashirin da karnukan 'yan sanda. Wanne za mu ɗauka?

Ƙanwarka,
Sharifa

Kano, 2 ga Mayu

Sharifa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa sai godiya.

Yarinya ta riga ta zaɓa, me kuma kike tambayata? Ku ɗauki ƙaramin. Babban nan na sani, a fili yake rayuwa, ku kuwa a kan bene kuke. Kuma ki riƙe wannan: kare da hannu ake kiwonsa. In ba za ku taɓa shi ba, ku bar wa masu shi kayansu.

Ki gaida Hajiya. Allah ya buɗe bakin Dija.

Yayanki,
Tsoho

Morrisania, 14 ga Agusta

Yaya Tsoho,

Sallama da gaisuwa. Kunya ce ta hana ni rubutu, don ba mu bi maganarka ba.

Hajiya ta tambayi wani malami a unguwar Harlem. Ya ce karen gadi da na farauta an yarda, na wasa ne babu. Abban Dija ya ce to ai faɗuwa ta zo daidai da zama, babu mai kallon na Amurka ya ce ba mai gadi ba ne. Na yi magana, ya ce ko wannan ko a fasa. Na amince, don Dija, muka ɗauko shi.

Hajiya ta kafa sharaɗi: kada ya taka inda ake sallah, kada kowa ya taɓa shi. Yana kulle a ɗakin ajiya, da ƙafa nake tura masa kwano. Da can Abban Dija kan fita da shi da safe sanye da safar hannu, amma tunda aka ƙara masa aiki a asibiti sai a yi kwana biyu bai fita ba.

Amma Yaya, ta yi magana! Kullum tana zama bakin ƙofar ta zura yatsu ta ƙasa. Ranar Juma'a na ji da kunnena ta ce, "Zo." Na zauna a ƙasa na yi ta kuka.

Abu ɗaya ke damuna. Da yakan yi haushi har maƙwabta su buga bango, yanzu ya daina. Sai dai mu ji numfashinsa a jikin ƙofar. Dija kuma tsayinta ya kusa kai sakata.

Ƙanwarka,
Sharifa

Kano, 5 ga Satumba

Sharifa,

Salamu alaikum. Ni da ba na waya, sau shida na kira ki ba ki ɗaga ba.

Shirun nan shi ne abin tsoro. Ba mai gadi kuka ajiye ba, fursuna kuka ajiye, kuma bai san hannun kowa ba. Ku fitar da shi ranar da takardar nan ta iso. In mijinki ya ƙi, ki ɗauki yarinyar ki bar gidan. Na haɗa ki da Allah.

Tsoho

Morrisania, 23 ga Satumba

Yaya,

Sallama. Takardarka ta iso ranar Alhamis, abin kuwa ya riga ya faru tun ranar Talata.

Na ga kiranka duk shida. Na san abin da za ka faɗa, ni kuma ina son in ƙara jin muryar Dija, sai na ƙi ɗagawa.

Ina kicin, Hajiya na sallar la'asar, Dija ta zare sakata, karen ya fito ya yi kanta. Hajiya ta katse sallah ta cusa masa hannunta a baki, hannun da ta rantse ba zai taɓa kare ba. Ta rasa yatsu biyu. Dija ko ƙwarzane babu. Hukuma sun tafi da shi.

Jiya a asibiti Hajiya ta ce mini, "Ku je ku ɗauko mata ƙaramin, zunubin a kaina." Mun je. Dija ko kallonsa ba ta yi ba.

Har yanzu tana zama bakin ƙofar ta zura yatsu. Ba ta sake cewa komai ba.

Ka yafe mini, ka sa mu a addu'a.

Sharifa