Kwalayen da Ka Kai Gidan Innarku

Direban Fim,

Da safe muka shirya da kai: in ba ka motata yau, kai kuma ka kai min kwalaye gidan Innarku. Da bakinka ka ce ƙa'idarka irin ta direban nan na fim ɗin da kake yawan kallo ce, ba tambaya, ba buɗe kaya. Har da gyara wuyan kwat. Na ce madalla.

To, kayanka ne a ciki. Tufafinka, takalmanka, da 'yar talabijin ɗin da ka mayar sana'a tun da ka tare mana. Ka kwashe kanka da hannunka, kana sheƙa gudu kamar ana bin ka.

Na sa wa ɗakin sabon kwaɗo. Kada ma ka je wa yayarka da kuka. Ita ta ɗaure kwalayen, ni igiya kawai na miƙa mata.

Na fita, ba yanzu zan dawo ba. Ka bar makullin mota wurin mai shagon ƙofar gida.

Ni dai na samu ɗakina, Innarku ta samu ƙaton ɗanta. Kai kuwa ko tabarma ba ka da ita a gidan nan.

Mijin yayarka