Kalmar da ta rage wa Baba

Litinin, 3 ga Maris
An sallamo Baba daga asibiti. Ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Duk Faransancin da ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa, kalma ɗaya ta rage masa: viens, wato zo. Hausar ma ta gudu ta bar shi. Ƙanena Auta ya sauke min shi a ɗakin baya, wai aiki ya yi masa yawa, ya ja motarsa.

Laraba, 5 ga Maris
Ruwa, viens. Fitsari, viens. Ƙuda ya sauka a hancinsa, viens. Ni da na san kalmar nan tun ban iya ɗaura zane ba. In Auta aka faɗa wa, alawa ce a aljihu. In ni ce, bulala ce a bayan ƙofa. Yau ya yi ta kira, ina zaune ina yankan farce.

Asabar, 8 ga Maris
Gwaggo ta zo dubiya. "Ke 'yar nan, ba kya jin ubanki na kira?" Na ce, "Gwaggo, ai ba na jin Faransanci, shi da kansa ya kayar da ni a jarabawa." Ta fita tana salati.

Talata, 11 ga Maris
Na tsaya a bakin ƙofa da kofin shayinsa, na ce kalmar ba ta fita daidai ba, a sake. Haka yake min a gaban 'yan aji. Yawu na bin haɓarsa, yana ta fama. Na ji daɗi, ƙarya ne in ce ban ji ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Auta ya tuna yana da uba, ya bugo waya. Na kara wa Baba a kunne, ya yi ta viens har muryarsa ta dushe. "Yaya, wai me yake cewa?" Ɗan lele, ashe ko ma'anarta bai riƙe ba. Na ce, "Cewa ya yi ka yi zamanka, ba ya nemanka." A kan idon Baba na faɗa.

Lahadi, 16 ga Maris
Baba bai kira ba. Kunnena ya huta.

Talata, 18 ga Maris
Har yau shiru. Ya juya wa ƙofa baya, abinci ya bushe a kwano. Ba wai na damu ba ne, zanin gadon ne ya isa canji. Na sa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa zan ɗaga shi, ba nauyi ko kaɗan. Sai ji na yi bakina ya ce, "Viens, Baba."

Ko waiwayowa bai yi ba. Na sake faɗa.