Rami Shida a Tsohuwar Tunga

Asabar, 15 ga Mayu, 1993

Sati biyu ke nan da na sauka Sabuwar Tunga, nan gefen Wara, kuma har yau yara “Baƙo” suke kirana. Ba laifinsu. Ina shekara biyar Baba ya rasu, Kawu ya tafi da ni Kaduna inda yake gyaran fili a kulob ɗin golf. Can na yi wayo, na ɗauki jakar sandunan manya, na yanke ciyawa, har na iya bugawa da kaina ranar Litinin in babu kowa. Zuwana gida bai wuce na Sallah ba, kwana biyu in juya. Yanzu Yaya Kande ta aiko wai idon Inna ya kusa rufewa, in ina so ta gan ni to in zo. Na zo da akwatina da wasu tsofaffin sandunan golf da wani memba ya ba ni.

Ta gan ni ɗin, sama-sama. Ta shafa cikina ta ce Kaduna ba ta bar ni da yunwa ba.

Abu ɗaya nake so gare ta: ta nuna mini inda gidanmu yake a Tsohuwar Tunga, wadda ruwan dam ya cinye bayan tafiyata. A bayan gidan aka binne Baba. Ina da shekara talatin da huɗu ban san inda zan tsaya in yi wa ubana addu'a ba. Wannan abu na cina, ko ban faɗa wa kowa ba.

Talata, 25 ga Mayu

Tafkin dam ɗin yana ja baya. Kowace shekara haka yake yi, ya bar ƙasar tsohon garin a fili, sai ƙarshen damina ya dawo ya rufe. Na tambayi Inna. Ta ce, “Ni ban sauka can. Tun ranar da munka hito ban waiga ba.” Ta juya wa bango fuska. Yaya ta yi mini ido in bar maganar.

Lahadi, 6 ga Yuni

Zaman banza zai kashe ni. Na ɗauki sanda ɗaya na gangara. Allah Sarki, fili! Shimfiɗe, ciyawa sabuwa, shanun Fulani sun aske ta ƙwal. A Kaduna da inji muke neman irin wannan ba mu samu. Na buga ɗaya, ƙwallon ya tashi, zuciyata ta bi shi.

Ina waigowa sai ga yara sun yi layi suna kallon mahaukaci. Yasira, 'yar Yaya Kande, ita ce mai bakin cikinsu: “Kawu, kai kab buge shi, kai kuma za ka bi shi ka ɗauko? To mi ya sa ka buge shi?” Na miƙa mata sandar.

Laraba, 16 ga Yuni

Mun haƙa rami shida, mun binne gwangwanin tumatir a kowanne, muka kafa tutar gora da tsumma. Ƙwallo na gaskiya 'yan kaɗan ne, don haka da ƙodagon goruba suke koyo. Sanduna kuwa karɓa-karɓa. Maƙerin Wara ya lanƙwasa mana rodi uku, nauyinsu kamar taɓarya, amma suna aiki.

Yaran masunta ne da na manoman albasa, Musulmi da Kirista, maza da mata. Dokata ɗaya: wanda ya zo zai buga. Na sha tsayuwa riƙe da jaka ina kallon wasu suna wasa, ba zan bar yaro ya yi wannan tsayuwar a gabana ba. Emmanuel, ɗan mai jirgin fito, bahago ne, ba ni da sandar bahago. Juya ta yake yi ya buga da bayanta, kuma yana samu. Abin haushi.

Ina duba ƙasa ina tafiya. Gutsuren tukunya, tushen katanga, dutsen niƙa. Wataƙila kullum ina taka ƙofar ɗakinmu.

Jumma'a, 25 ga Yuni

Na ja wa kaina. Bayan sallar Jumma'a Baba Dudu, tsohon da ke ƙofar gidan mai gari kullum, ya gangaro yana dogara sanda, ya tsaya a kan rami na biyu.

“Arzika, ramin ga wa yag gina shi?”

Na ce ni ne, Baba.

“Tsakar gidana na. Nan uwar 'ya'yana ka shanya kihi.”

Kunya ta rufe ni. Ni fili na gani, su gari suke gani. Na ce a yi haƙuri, yanzu zan cike. Sai ya ce in bari tukuna, ya ga abin da ake yi da shi. Yasira ta gara ƙodago ya faɗa gwangwani ƙwal. Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce tun da ruwa ya tashe su ba a yi baƙi a gidansa ba sai yau.

Da na ga ya sake, na raɗa masa: ina namu gidan? Fuskarsa ta canja. “Matar gida na da rai, ba ni nuna ma gidanta.”

Litinin, 12 ga Yuli

Yanzu ba mai cewa rami na ɗaya ko na biyu. Baba Dudu ya janyo tsofaffi, kowa ya nuna nasa. Daga Masallaci a buga zuwa Gidan Dudu, daga nan Rumbun Mairo, Gindin Tsamiya, Maƙera, a ƙare a Mashaya, bakin ruwa. Yaran da aka haifa a gidajen siminti na gwamnati sun fara sanin wa ke maƙwabtaka da wa. Tsofaffin kan zauna a kututturen tsamiyar suna gardama har la'asar ta wuce.

Kowa ya sami gidansa a filina sai ni mai filin.

Alhamis, 29 ga Yuli

Ruwan sama tun safe. Ba wasa. Kaduna nake tunawa, ƙamshin ciyawa in an yanke, shayin mai gadi. Can ma dai baƙo nake, amma na san hanya.

Asabar, 14 ga Agusta

Mun yi gasa, yara sun fi ashirin. Wani malami daga Wara ya zo da keke ya kalla, ya ce tunda jiharmu sabuwa ce ya kamata a ji labarinmu a Birnin Kebbi. Na ce to. Emmanuel ya ci, da bayan sandarsa. Yasira ta ƙi yi masa magana har gida.

Baban Emmanuel ya ce ruwan kogin Kwara ya fara canja launi. Bai fi sati biyu ko uku ba tafki zai taso. Na koma gun Inna, na durƙusa, na ce ko kwatance ta yi mini daga nan ɗaki. Ta ce kanta na ciwo. Na fito raina a ɓace. In ruwa ya rufe sai baɗi, kuma waye ya ce ni da ita za mu kai baɗi? Na ce wa Yaya ruwa na dawowa zan koma bakin aikina.

Talata, 24 ga Agusta

Abin dariya da tuwon rana. Yasira na ba uwarta labari, wai ta tashi daga Gidan Dudu ta shiga Rumbun Mairo da bugu uku, kuma gidan Baba Dudu babba ne, tun daga Masallaci har kusa da tsamiya. Sai muka ji muryar Inna daga ɗaki.

“Wa yac ce haka?”

“Shi Baba Dudun.”

“Ƙarya shi kai! Ɗaki biyu gare shi da turken jaki. Rabin abin da yan nuna muku gidan Mairo na. Don ta mutu shi ka cinye mata gida?”

Ta yi ta faɗa har tuwo ya huce. Tun zuwana ban ji ta yi magana mai tsawon haka ba. Na lafe a gefe, tsoro nake ta tuna ina wurin ta yi shiru.

Lahadi, 29 ga Agusta

Ruwa ya taɓa tutar Mashaya.

Talata, 31 ga Agusta

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Da hantsi Inna ta fito da mayafi, ta ce Yasira ta riƙe mata hannu, za ta je ta karɓo wa Mairo gidanta. Ba ni ta kira ba. Na bi su a baya da jakar sanduna, kamar aikina na dā.

Tana sauka ta tuɓe takalma. Da ƙafa take gani. Ta taka tushen katanga ta ce wannan na wane ne, ta shafa dutsen niƙa ta ambaci mai shi. Baba Dudu ya taso da fara'a, ta wanke shi tas a gaban yara. Ya ce, “To, uwar Kande, shekara ashirin da biyar, gida ba shi ƙaruwa?” Kowa ya fashe da dariya, har ita ta murmusa. Aka matsar da iyaka, Mairo ta sami gidanta.

Daga nan ta gyara mayafinta. Ta ce a kai ta Mashaya. Muka je har ruwa na lasar ƙafarta, ta laluba ta hau wani faffaɗan dutse da mata ke wanki a kai dā, bakin rafin da ke gangarawa kogi. Ta fuskanci tafki.

Na ce, “Inna, mun wuce gidan ne?”

“Ba mu kai ba. Ba a kai wa.”

Ashe namu gidan a gangare yake, can ƙasan kowa, inda ruwa bai taɓa janyewa ba ko da shekara ɗaya. Duk garin sun sani. Wata uku ina duba ƙasa, suna kallona, tausayi ya hana su faɗa. Na tambaye ta nisan. Ta ce daga kan dutsen nan takan ƙwala wa Baba kira ya zo ya ɗaukar mata tulu, in yana ƙofar gida ya ji, in yana ciki ya ce bai ji ba.

Sai ta ce, “Abin ga da kaka bugawa. Buga, in ji inda za shi hwaɗi.”

Ta kama kafaɗata ta juya ni, dama kaɗan, kaɗan kuma. Na ajiye ƙwallo na gaskiya. Yara suka ja baya. Na buga, ya faɗa kusa, tsulum.

“Garken awakin Umaru masunci na. Ƙara.”

Na biyu ya karkace hagu. Ta ce na shiga gidan mutane ba sallama. Yasira ta ce, “Kawu, kai ka ce muna a daina ɗaga kai.” 'Yar banza, gaskiya ta faɗa. Na share ido da hannun riga, na ɗauki babbar sanda, na sunkuyar da kai. Wannan karon na ji shi tun daga tafin hannu. Ya tashi, ya daɗe a sama, ya sauka can nesa, ƙararsa da ƙyar ta iso.

Inna ta karkata kunne wajen ruwan. Sannan ta ce, “Ƙohwar gida ke nan. Ubanka na baya kaɗan, hannun dama.”

Na kafa ido a wurin har zoben ruwan ya baje. Bayansa akwai wani tsauni mai tsaga a tsallake, na riƙe shi a kaina. Muka ɗaga hannu, Baba Dudu ya ja addu'a, Emmanuel ya cire hularsa. Na yi kuka a gaban yaran da nake koya wa wasa, ban kuma damu ba.

Laraba, 1 ga Satumba

Ko da gaske ta gane da kunne, ko ta gaji da ni ne ta ce nan ne? Ban sani ba. Ba zan tambaya ba.

Asabar, 11 ga Satumba

Ruwa ya rufe duka shidan, Masallaci ne ya nutse daga ƙarshe. Yara sun tone gwangwanayen kafin ya iso, sun jera su a bayan ɗakina ba su tambaye ni ba. Wai akwai fili bayan makarantar firamare, tsakuwa ce amma za ta yi kafin rani. Maƙeri kuma ya yi alkawarin sandar bahago. Na ce su dai bari mu gani. Motar Kaduna ta tashi jiya, ban gama shiri ba. Akwai wata.

Yau da safe baban Emmanuel ya ɗauke ni a jirginsa. Na sa shi ya daidaita tsaunin mai tsaga da inda dutsen wanki yake, muka tsaya a tsakiya. Ba komai sai ruwa. Na sa hannu ciki, da ɗumi. Na yi wa Baba sallama, na ba shi labari kaɗan, ba mai yawa ba, don mai jirgi na jira.

Da na shigo, Inna ta ji motsina ta ce, “Arzika, ina ka hito da sassahe?”

Ban yi tunani ba na ce, “Gida na je.”

Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, “Ka iske su lahiya?”

Na ce lafiya lau.