Itacen Ƙasar Ƙanƙara a Kaskon Inna

Assalamu alaikum Yaya Bello,

Ya aiki, ya sanyin ƙasar taku? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Gwandu lafiya lau.

Yaya, ka natsu. Ka tuna guntayen itacen da ka tono a ƙasar ƙanƙara, ka bar mini a jaka in kai wa abokin aikinka a Kalgo? Waɗanda ka ce zobban cikinsu ke nuna yawan dusar ƙanƙarar da ta rufe ƙasa a shekarun baya? Ranar sunan jaririn 'yar'uwarmu Asabe, Inna ta buɗe jakar, ta ɗauka turaren wuta ka kawo mata. Na tarar da rabinsu a kasko suna hayaƙi. Da hannu na tsamo su, har yanzu yatsuna na zogi. Abokinka ya ce mafi tsufan ne suka ƙone, ba ya jin sauran za su isa aikin.

Ban faɗa wa Inna ko mene ne ta ƙona ba, ka san hawan jininta. Don Allah in ka kira, kada ka ɗaga mata murya.

A sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gida. Inna na gaishe ka, wai kada ka ƙara sayen wannan turaren, ba shi da ƙamshi.

Ƙanwarka,
Hadiza